Ɗanyen Irin da Ama ta Aika

Kara ɗaya ne ya bambanta da sauran. Ina zazzage ganyen a kan farantin awo na hango shi, siriri, gindinsa da wani ja mai duhu, alhali sauran duk kore ne shar. Na ɗaga shi da hantsaki, na juya, na mayar. Sai na ga na biyu. Can ƙasa kuma ga na uku. Ban ce wa kowa komai ba, dama ni magana ba ta dame ni ba. Na haɗa su gaba ɗaya na zuba a injin niƙa, yadda ƙa'ida ta ce.

Sunana Tanuja Bora. Shekaruna ashirin da bakwai, na karanta ilimin sinadarai a jami'a, yanzu shekara biyu ke nan ina aiki a wani ɗakin gwaji a Almora, wani gari da ke kan duwatsu. Aikin ba shi da wani kwarjini. Manoman da gwamnati ta ba lasisin noman wiwi, wadda ake shukawa don zare da mai, ba sa girbi sai jami'ai sun shiga gonar sun yanki ganye nan da can, sun ɗaure a jaka, sun buga hatimi, sun aiko mana. Ni kuma in auna sinadarin da ke sa maye. Idan bai haura sifili da ɗigo uku cikin ɗari ba, manomi ya yi girbinsa. Idan ya haura, a ƙone gonar a gaban jami'ai, lasisin kuma sai abin da hali ya yi. Jakunkunan ba sa zuwa da suna, lamba ce kawai, don kada mu san kayan wa ke hannunmu.

Wannan jakar lambarta arba'in da ɗaya. Kuma na san ta wa ce.

Ba bincike na yi ba. Ranar Litinin da yamma saƙo ya shigo wayata, hoto ne. Bhuwan tsaye a bakin gona, cikin rigar sanyinsa mai ruwan toka wadda gwiwar hannunta ta fara sakin zare, yana dariya har haƙoransa na gefe sun fito. Ya roƙi jami'in ya ba shi jakar ya riƙe don a ɗauke shi. A ƙasan hoton ya rubuta: "Ɗalibinki ya shiga jarrabawa, Malama. A yi mana sassauci wajen maki."

Wasa yake yi. Na san wasa yake yi, domin bai ma san jakar ɗakinmu za a kawo ta ba, akwai wani ɗakin gwajin a can ƙasan duwatsu. Babban yatsansa ya rufe rabin takardar da ke jikin jakar, amma lambar tana waje. Ni kuwa matsalata ke nan tun ina yarinya, abin da ido ya gani ba ya fita.

Na amsa masa da cewa, "Rigar nan ta gaji." Ya turo fuskar dariya guda uku.

Bari in gaya muku ko wane ne Bhuwan, don ku san abin da nake riƙe da shi a hantsaki ranar Larabar nan.

Tun da Babu, mahaifina, ya rasu shekara biyar da suka wuce, Ija ba ta da wata hira sai ta aurena. Ija mahaifiyata ce. Takan kira ni da safe kafin in fita, ba don ta ji ko na karya ba, sai don ta sanar da ni 'yar wa aka sa wa rana. An kawo mini soja, an kawo malamin makaranta, an kawo wani mai kantin taya a Haldwani wanda ya yi minti arba'in yana mini bayanin iska. Ban taɓa cewa a'a ba. Shiru nake yi, in dubi ƙasa, har su gaji da kansu. Ija ta ce shiruna ya fi rashin kunya ciwo.

Bhuwan Karki ya zo ne a farkon bazara, shi da mahaifiyarsa Hansi Devi. Ƙauyensu yana hayin kogi, ana hango rufin gidajensu daga tsakar gidanmu idan gajimare ya ɗaga. Shekara takwas ya yi a Delhi yana aikin otal, ya ajiye ya dawo. Rabin gidajen ƙauyensu kwaɗo ne a ƙofa, birai sun gaje gonakin, duk abin da aka shuka sai sun cinye. Wiwi ce kaɗai ba sa taɓawa. Ya bi gida-gida har ya shawo kan gidaje goma sha ɗaya suka haɗa gonakinsu, ya yi shekara ɗaya da rabi yana safa da marwa a ofisoshi, ya samo lasisi da sunansa. Irin ma ba na gida ba ne, na takarda ne, daga inda hukuma ta amince aka sayo shi.

Ranar da suka zo, aka bar mu mu biyu a baranda. Na dubi ƙasa kamar yadda na saba. Shi ma ya yi shiru. Muka daɗe a haka. Can ya ce, har da "ji" ɗin girmamawa, "Tanuja ji, idan gasa muke yi ki faɗa mini, ni na yi shekara takwas ina tsaye a ƙofar ɗakin cin abinci ba na cewa uffan."

Na yi dariya ban shirya ba. Ija tana bayan labule, ta ji. Kafin sati ya zagayo an kai taurarinmu wurin pandit, malamin addininmu, ya duba ya ce sun dace, aka sa rana bayan bikin fitilu.

Ba zan ce muku ina mutuwar son sa ba, ban san yadda ake auna wannan ba. Abin da na sani shi ne idan wayata ta yi ƙara da yamma ina fatan shi ne. Kuma shi kaɗai ne ya taɓa tambayata yadda injina yake aiki, ya kuma saurari amsar har ƙarshe.

Injin ya fitar da sakamako da azahar. Ɗaya da ɗigo biyu.

Ninki huɗu ke nan. Na wanke komai, na sake haɗa ruwan gwajin, ranar Alhamis na maimaita. Ɗaya da ɗigo biyu. Na zauna ina kallon layin da ya tashi a allon kamar tsinin dutse. Ban ji kuka ba, ban ji tsoro ba. Yunwa ma na ji, na fita na sayi shayi da biskit.

Ranar Juma'a Dakta Nainwal, shugaban ɗakinmu, ya tsaya a kan teburina, gilashinsa a goshi yana neman sa a aljihu.

"Bora, ina na wannan satin?"

"Saura ɗaya, yallaɓai. Ina so in sake duba shi."

"Ya haura ne?"

Na gyaɗa kai.

Ya ja tsaki a hankali, ba don ni ba. "Wani ya sake cakuɗa iri. Kullum ana faɗa musu. To, Litinin da safe ki sa hannu ki kawo." Ya juya, ya sake juyowa. "Kin san akwai masu jira a can ƙasa ko? Cewa suke mutanen dutse ba zare suke so ba, takarda suke nema su fake da ita su sayar wa yara abin busawa. Ranar da aka kama takardarmu ɗaya da ƙarya, ba gona ɗaya za a rufe ba."

"Gilashinka yana goshinka, yallaɓai."

Nan ne ya kamata in ce masa na san mai jakar. Jimla ɗaya ce. Ban faɗe ta ba. Na sa takardar a aljihun tebur ba sa hannu, na kulle, washegari da safe na hau motar gida.

A hanya saƙon Bhuwan ya shigo: "Gobe za mu zo da tsohuwa, wai za ta gwada miki zoben hanci. Na ce mata hancinki ƙarami ne, kada ta kawo mai girman tayar keke."

Na rubuta "To." Na goge. Na rubuta "Sai kun zo." Na tura.

Na iske Ija ta shimfiɗa kaya a kan gadon Babu. Sari uku, ɗaya kore mai bakin zinariya, akwatin awarwaro, da mayafin aure, ruwan ɗorawa mai jajayen ɗigo, sabo fil, ƙamshin kanti bai bar shi ba. Ko jakata ban ajiye ba ta yafa mini shi a ka, ta ja da baya tana kallo, hannu a ƙugu.

"Ɗago kai mana. Ke ko a hoto sai an roƙe ki. Dubi wuya, kamar ba a ba ki abinci a garin nan."

"Ina ci, Ija."

"Biskit ba abinci ba ne."

A tsakar gida Ama, kakata ta wajen uba, tana zaune a kan tabarmar kaba a gaban dutsen niƙa. Ta haura tamanin, kunnenta ɗaya ya tafi, amma hannunta bai san tsufa ba. Ta soya 'ya'yan wiwi a kasko har sun fara tsalle, tana niƙa su da gishiri da barkono da na'a-na'a, ta matsa lemon tsami. Abin da muke ci da gurasar tamba ke nan tun kafin in san sunana. 'Ya'yan ba sa sa maye, ko jariri ya lasa. Tsiron kuwa yana bayan turken shanu, guda shida ko bakwai, ba wanda ya taɓa nema musu takarda, ba wanda ya taɓa tambaya. Duk ƙauyen an san na Ama ya fi na kowa ƙamshi.

Na taɓa ƙafafunta, ta dafa kaina da hannun da ba ya niƙa. Na zagaya bayan turken kamar mai neman wurin wanke hannu. Sun fi ni tsawo. Na kama kara ɗaya na duba gindin ganyen.

Ja mai duhu.

Na dawo na tsuguna kusa da kunnenta mai ji.

"Ama, lokacin da su Bhuwan suka zo da bazara, kin ba su 'ya'yan nan?"

"Na ba su mana. Mudu guda, a ƙullin sabon ƙyalle."

"Soyayye?"

Ta tsayar da dutsen, ta dube ni kamar na zage ta.

"Soyayye ake ba baƙo, ya ci ya wuce. Su baƙi ne? Gidan da za ki shiga ɗanye ake kai musu. Ni da aka kawo ni gidan nan ina da shekara goma sha shida, a bakin mayafina uwata ta ƙulle mini shi, na ratso kogi da shi a ka. Waɗancan da kike gani a bayan turke jikokinsa ne. Yarinya ba ta zuwa gidan miji irin gidansu bai riga ta ba. Wa zai san ta idan ta isa?"

"Kuma sun shuka?"

"In ba su shuka ba me za su yi da shi, su rataya a wuya? Hansi ta san abin da ya kamata. Ta aiko mini cewa ta cakuɗa shi da nasu, ta watsa a babbar gonar, ba a bayan gida ba. Ta girmama mu."

Ta ci gaba da niƙa. Ni kuma na ci gaba da tsuguno.

"Me ya sa kike tambaya?"

Ija ce, a bakin ƙofar kicin, da ludayi a hannu. Ija ba ta yi boko mai zurfi ba, amma ban taɓa ɓoye mata abu ya kwana ba.

"Ba komai."

"Tanu."

"Tambaya ce kawai."

"Ke ba kya tambaya kawai. Shigo nan."

Ta turo ƙofar kicin. Ban faɗa mata lamba ba, ban faɗa mata sakamako ba, wannan kam zan iya rantsewa. Amma ta jero tambayoyi ina shiru, kuma Ija ta fi kowa iya karanta shiruna. Da ta gama sai ta zauna a kan buhun shinkafa, ta ɗora ludayin a cinya.

"Ƙonewa za su yi?"

Na dubi murhu.

"Gonar mutum goma sha ɗaya. Saboda ƙullin tsohuwa." Sai na ga fuskarta ta sauya, irin yadda take yi idan ta gano inda za ta sa kujera ta rufe tsagar bango. "Bara ba kin ce mini wata jaka ta jiƙe a hanya ba, ta yi fumfuna, aka koma aka yanko sabo?"

"Wannan ba ta jiƙe ba."

"Damina ce, komai yana jiƙewa. Ki ce ta jiƙe. Kafin su dawo yankan sabo, an bi gonar an tuge na Ama tas. Wa aka cuta? Ba ƙarya za ki yi a kan gonar ba, gonar za ta zama daidai. Kwana goma kawai za ki ara musu."

Ku yarda da ni, maganar ta shige ni. Duk tsawon hanya abin da nake ta juyawa ke nan a raina, ita dai ta faɗe shi da baki ne.

"An riga an gwada, Ija. Injin yana ajiye komai."

"Injin yana da baki ne? Ke ce bakinsa." Ta miƙe. "Shekara biyar ina jiran ranar nan. Ba ki taɓa cewa kina son kowa ba sai wannan, shi ma ba da baki kika faɗa ba. Kada ki zo ki ce mini takarda."

Da la'asar na ji ta a bayan gida tana waya, murya ƙasa-ƙasa, tana kiran mahaifiyar Bhuwan didi, wato yaya. "Hansi didi, ki zauna tukuna, kada ki ɗaga hankalinki..." Ban fita na hana ta ba. Wannan ma laifina ne, na rubuta shi a nan don kada in manta.

Sun iso ranar Lahadi da hantsi. Hansi Devi tana gaba, cikin sari ruwan hoda da rigar sanyi a sama, ƙaramin akwatin zoben a hannunta, idanunta sun kumbura. Bhuwan yana biye, ya sa farar riga mai guga, ya aske gemu har ya yanke kansa a haɓa. Ya gai da Ama, ya gai da Ija. Ni ya ce mini, "Tanuja ji," ya tsaya nan.

Ija ta kawo shayi da gurasa da abin da Ama ta niƙa. Ba wanda ya taɓa. Can ta ce, "Tanu, nuna wa Bhuwan inda katangar gona ta zube, ko zai samo mana mai gyara." Katangar ta shekara uku da zubewa.

Muka tsaya a wurin, tsakaninmu kamar taku uku. Daga nan ana ganin hayin kogi, gonakinsu hawa-hawa a jikin dutse, kore mai duhu, iska tana kwantar da su tana tayarwa.

"Nawa ne?" ya ce.

"Ba zan iya faɗa ba."

"Da yawa ke nan." Ya ɗan yi murmushi. "Ni na turo miki lambar da hannuna ko? Sai jiya na koma na duba hoton. Shekara takwas a Delhi, ban koyi komai ba."

"Ka san an cakuɗa?"

Ya ɗauki wani ɗan dutse daga katangar, ya juya shi, ya nema masa wurin zama ya ajiye.

"Tun suna kai gwiwa na gane su. Na fara tugewa, na tuge kamar ashirin. Tsohuwa ta zo ta zauna a bakin gona tana kuka, wai ina tuge ki ne tun ba ki zo ba. Ta ce duk wanda ya cire irin gidan amarya, auren ba zai kama ƙasa ba. Na ce mata wannan zancen da ne. Ta ce to in ci gaba." Ya shafa yankan da ke haɓarsa. "Sai na kasa. Na ce a raina mudu ɗaya ne a cikin gona mai faɗin nan, wa zai lura?"

"Ni."

"Ke kam." Ya yi 'yar dariya, ta mutu da wuri. "Sauran gidajen ba su sani ba. Akwai matar da ta kira ɗanta daga Ludhiana, ta ce ya dawo, aiki ya samu a gida. Ya dawo da matarsa da yara biyu."

Na jira ya roƙe ni. Na shirya wa roƙon, na ma san inda zan sa idona idan ya fara. Bai roƙa ba. Ya tsaya yana kallon hayi, ni kuma ina kallon wuyan rigarsa, inda guga ta bar wani ɗan layi mai ƙyalli. Da ya roƙa, da ya fi mini sauƙi, ko in yi ko in ƙi. Da ya ƙi roƙa sai ya bar mini abin gaba ɗaya a hannu.

"Idan aka tuge yanzu," na ce, "waɗanda suka yi fure sun riga sun watsa wa sauran. Irin da za ka tara bana, baɗi duk haka zai fito. Kuma ba gonarka kaɗai za a kai shi ba."

"Na sani."

"To."

"To," in ji shi. Muka koma ciki.

A ɗaki an buɗe akwatin. Zoben yana kan farin ƙyalle, zinariya da jajayen duwatsu ƙanana, bai kai tayar keke ba amma ya kusa. Hansi Devi ta kamo hannuna ta zaunar da ni kusa da ita. Tafinta kaushi, irin na mai sare ciyawa.

"'Yata, uwarki ta faɗa mini komai. Ni na yi, ba shi ba. Ni ban san lissafinku na boko ba, na ga dai iri daga gidan mutunci, na ce ba zan jefa shi bayan banɗaki ba. In laifi ne a ɗaure ni."

"Haba didi, wa zai ɗaure ki?" in ji Ija, tana zuba mata sabon shayi a kan wanda ba ta sha ba. "Magana ta ƙare. Jaka ta jiƙe, shi ke nan. Gobe za ta je ta faɗa musu. Yarinyar nan shiru gare ta, amma ta san gidansu. Ko ba haka ba, Tanu?"

Ama tana gefe a kan tabarmarta, ta karkato kunnenta mai ji. Ba wanda ya yi mata bayani, amma tun jiya take bin fuskokinmu da ido.

"Me ya jiƙe?" ta ce.

"Ba komai, Ama," in ji Ija, "sha shayinki."

"Irina ne?"

Ta dubi Hansi Devi, ta dubi Bhuwan, ta sauke ido a kan hannayenta.

"Tanu," Ija ta sake cewa, murya a tausashe, irin tausasawar da na fi tsoro. "Faɗa wa surukarki ta kwantar da hankalinta."

Na dubi ƙasa. Akwai wata tsaga a simintin ɗakinmu da na sani tun ina rarrafe, a nan na tsira daga soja, a nan na tsira daga mai taya. Na san idan na daɗe ina kallon ta za su ɗauki shirun a matsayin e, kowa ya sha shayinsa, a gwada mini zobe. Gobe kuma in je in yi duk abin da zan yi ni kaɗai, ba mai gani.

Na ɗago.

"Ba ta jiƙe ba, Ija. Gobe zan sa hannu a kan abin da na gani. Kuma zan faɗa wa Dakta na san mai gonar, tun Laraba ya kamata in faɗa."

Muryata ta fito ƙarama, amma ta fito.

Hansi Devi ta saki hannuna. Ba da fushi ba, kamar dai ta tuna ba nata ba ne.

"Za su kore ki ke ma!" in ji Ija. "Ki ƙone gonar miji, ki ƙone aikinki, sannan ki dawo ki zauna mini a nan? Didi, kada ki saurare ta, gajiyar mota ce."

"Gajiyar mota?" Hansi Devi ta juya kanta. "Ke kika kira ni jiya kika ce an gyara! Da na sani da tun asuba muna gona. Irin daga gidanku ya fito, wutar ma daga gidanku za ta fito?"

"Au, yanzu mu ne? Mu muka ce ki watsa a gonar gwamnati? Mutum ya ba ki abu don girmamawa..."

"Da na jefar ai da kun ce mun raina ku!"

Suka hau juna, kowace tana kiran ɗayar didi. Kofi ɗaya ya kife, shayin ya bi ƙasa ya nufi ƙafar gado. Na bi shi da ido. Ama ba ta motsa ba, leɓunanta ne kawai ke motsi, ban san ko addu'a take yi ba ko ƙirga shekaru.

Bhuwan yana tsaye a jikin ƙofa tun da muka shigo. Sai na ga ya matso. Ya ratsa tsakanin iyayen biyu ba tare da sun lura ba, ya durƙusa a gaban Ama, ya taɓa ƙafafunta da hannu biyu, ya daɗe a haka fiye da yadda gaisuwa take buƙata. Ta ɗaga hannu za ta dafa kansa, hannun ya tsaya a sama.

Ya miƙe. Na ɗauka zai dube ni. Na ma shirya, karon farko a rayuwata, ba zan sauke ido ba.

Ya bi ta gefena ya fita. Ta taga na ga farar rigar ta gangara matakalar dutse, ta wuce turken shanu, ta wuce katangar da ta zube, ta kama hanyar kogi. Bai waiwayo ba. A bayana mahaifiyarsa tana ta magana, ba ta san ya tafi ba.